Lissafin Gawayi

Ni ce Dudu, mai suya a gidan abincin Hajja Falmata,
nan Garwa, dab da hawan gadar Binuwai.
Ban iya biro ba, gawayi na iya.
A bangon da ke bayan murhu,
duk safiyar da na hura wuta sai in ja layi ɗaya.

Hajja kuwa tana da jan littafi.
Ƙarshen wata ta zauna kan buhun shinkafa,
ta lashi yatsa, ta buɗe.
Jaka talatin muka yi da ke, ko?
To, faranti biyu da suka fashe,
karfasar da ta ƙone ran Talata,
kwana ukun da zazzaɓi ya kwantar da ke,
da abincin da kika ci.
Har loma tana da shafi.
Ta miƙo mini jaka goma sha bakwai
kamar mai ba da sadaka.

Sajo mai wanke-wanke, yatsunsa sun yi fari, sun tsage,
wata biyu ana ce masa gobe.
Marta mai kai kwano ta ce
mai gidan haya ya cire mata ƙofa ya jingine.

Ran Litinin na zo na tarar an shafe bangona da farar ƙasa.
Wai masu duba tsafta za su zo.
Kwana tamanin da huɗu na zufata
an lulluɓe su tas, kamar likkafani.
Na tsaya. Na taɓa. Bai ma bushe ba.

Ranar ba mu hura wuta ba.
Muka kife tukwane, muka zauna a kansu.
Giwan ruwa na kwance cikin daro yana kallon rufi,
ƙuda na yi masa gaisuwa.
Direbobin tirela masu tafiya Kusuri
suka leƙo, suka shinshina, babu ƙamshi,
suka tsallaka titi wajen mai shayi.

Hajja ta ɗaure zani ta shiga madafa da kanta.
Man ya yi tsalle ya same ta a wuyan hannu.
Shinkafa ta kama.
Ta fito idonta jajur, ban san ko hayaƙi ba ne,
ta jefo mana littafin:
Ku karanta bayansa!
Marta ta karanta.
Kuɗin haya, kuɗin lantarki, harajin gari,
masuntan da suka ƙara wa kwando jaka biyar,
sai dogon jeri na masu takalmi mai sheƙi
da ke cin kifi tun bara suna cewa a rubuta.

Na ce, Hajja, na ji, kuma na tausaya.
Amma wanda ya ci bai biya ba, kin ba shi kujera,
ni da na soya, ni kika ci tara.
In rijiya ta yi ƙasa, a ƙara igiya,
ba a yanke hannun mai ja.

Shiru. Babur ya wuce. Aka kira azahar.

Ta kwance bakin zani, ta ƙirga wa Sajo wata ɗaya,
ta ce faranti an yafe,
zazzaɓi kuma sai ta yi tunani.
Marta ta ce in tunanin ya wuce Juma'a
ta san hanyar ofishin ƙwadago.
Ba mu yi guɗa ba. Rabin haƙƙi ba ya kai guɗa.

Na samo zuma na shafa mata a ƙunar,
don ni na san zafin man nan fiye da kowa.
Sannan na juya tukunya, na hura wuta.
Da gawayi na farko ya huce
na ɗauka, na je ga farin bango,
na ja layi, baƙi ƙirin,
yadda ko daga bakin titi za a gani.